Kwalbar Rini da Rigar Babana

Ban san akwai abin da ake kira ciwon teku ba sai da jirgin ruwanmu ya rabu da gaɓar Afirka ya shiga ruwan sanyi. Ɗakinmu yana can ƙasa kusa da injin. Ina gadon sama ina fama da amai, wani ɗan Saliyo yana gadon ƙasa yana fama da ni. Da farko zagina yake yi da Turancin da rabinsa kawai nake ganewa. Daga baya shi ne ya riƙa hawa sama yana samo mini lemun tsami da busasshen burodi. Amma abin da ya hana ni sakat a tafiyar nan ba cikina ba ne, sharaɗin da na baro a Gusau ne.

Ni ɗan marina ne, daga Bungudu. Na yi karatun kimiyya a Kudu, na dawo aka ɗauke ni aikin kula da lafiyar dabbobi a Gusau, 'yan shekaru kafin mulkin kai. A lokacin sammore yana cin shanu a wuraren da ƙudan tsando yake. Wahalar cutar ita ce, sau da yawa ƙwayoyinta kaɗan ne a cikin jini, sai mutum ya wuni yana leƙen madubin likita bai ga ko ɗaya ba, a ce saniya lafiyarta lau, kafin lokacin kaka sai ta faɗi. Na karanta cewa a Turai an sami wani irin rini da ake sa wa jini yana ɗanye, ƙwayoyin cuta su yi haske suna raye. Na nemi a tura ni in koyo. Shugabana wani Bature ne da Fulani ke kira Dogo. Bai hana ba, bai kuma yi murna ba. Ya ce in na dawo na nuna masa, da idonsa, ƙwayar sammore tana haske tana motsi, zai ba ni ɗakin baya na ofis in yi wurin gwajin jini. In ban nuna ba, akwai gurbin mai duba fatu da ƙiraga a Tsafe yana jira na.

Babana kuwa abu ɗaya ya kama cikin dukan bayanina, wato rini. Shekara da shekaru yana ganin boko ya raba ni da karofi, inda kakanninsa suka haƙa rijiyoyin shuni. Ya ce, "In rini na, ai gida kak komo. Ka taho muna da shi mu gani." Na yi ƙoƙarin in ce masa ba irin namu ba ne. Ina jin ban faɗa da ƙarfi ba, don ban taɓa ganin ya yi murna da karatuna kamar ranar ba.

Garin da aka tura ni yana arewacin Ingila, garin hayaƙi ne da jan bulo. Na sha ƙwanƙwasa ƙofofin da aka rubuta akwai ɗakin haya, in an buɗe aka gan ni sai ɗakin ya zama an kama shi tun jiya. A ƙarshe wata tsohuwa da mijinta ya mutu ta ba ni ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufi, inda ba na iya miƙewa tsaye sai a tsakiya. Ta hana ni shiga banɗaki da buta, wai ina jiƙa mata ƙasa. Ta rantse mini miyarta babu alade, na sha har tsawon wata guda, sai ran nan na ga ƙashin da take dafa ta da shi. Ban yi mata magana ba, don ba ni da wani ɗaki. Wataƙila a wajenta ƙashi ba nama ba ne. Daga ranar na koma burodi da shayi da dafaffen dankali.

Na ɗauka fura zan yi kewa, ko tuwon dawa. Ashe warin karofi ne zai dame ni, warin nan na shuni da toka da ya bi ni makaranta har yara suka riƙa toshe hanci. In na bi ta bayan wata masaƙa da ke hanyar aikina, akwai wata magudanar ruwa mai wari kusan irinsa. Nakan rage sauri a wurin.

Wanda aka haɗa ni da shi a ɗakin bincike, a raina na sa masa suna Dakta Mai Lofe, don ban taɓa ganin bakinsa babu shi ba. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambaye ni ko na taɓa ganin dusar ƙanƙara, ya miƙa ni ga wurin wanke gilasai da ciyar da fararen ɓeraye. A jikin ɓerayen nan ake renon ƙwayoyin sammore, in wannan ya kusa mutuwa a ɗebi jininsa a sa wa wani. Watanni suka wuce ina wannan aiki. Rinin, wanda suke kira akiridin, yana kulle a kabad ɗin Dakta. Na tuna masa sau biyu ko uku abin da ya kawo ni, cikin ladabi, ya ce komai da lokacinsa.

Akwai wata mace a wurin, Madam Halina, 'yar ƙasar Folan. Kafin yaƙin duniya malamar jami'a ce a ƙasarsu, a nan kuwa ita ma gilashi take wankewa, tana haɗa wa Dakta ruwan gwaji. Ba ta da yawan magana. Wata ranar Laraba da rana, Dakta ya tafi taro, ta kira ni ɗakin duhu ta rufe ƙofa. Ta ɗebi garin rinin a kan tsinke, ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba, ta narka shi a ruwan gishiri, ta ƙara ruwa, ta sake ƙarawa, har na ce a raina ai babu sauran rini a nan. Ta ɗiga a kan jinin ɓera, ta kunna wata babbar fitila mai zafi, ta ce in duba.

Duhu na fara gani. Sai ga wasu abubuwa sirara suna wutsil-wutsil, kowanne da ɗigon haske kore a tsakiyarsa kamar idon kyanwa, da wani ƙaramin ɗigo kusa da wutsiya. Ƙwayoyin jinin kansu ba su ɗauki rinin ba, sun zauna baƙi, don haka ko ƙwayar cuta ɗaya ce a wurin ba ta da maɓoya. Na daɗe ban ɗago ba. Ina kallo koren ya fara juyawa ruwan goro, motsin ya ragu, ya koma ja, komai ya tsaya. Madam Halina ta ce kore mai rai ne, ja matacce. Rini in ya yi yawa yana kashe su, haske ma in ya daɗe yana kashe su, ƙazanta kaɗan a ruwan ita ma haka. Dole mai duba ya kasance a shirye.

A gidanmu mun san rini da tsomawa, a tsame, a shanya, a sake tsomawa har zane ya yi baƙi. A nan kuwa gwaninta ita ce ka sa kaɗan ƙwarai yadda abin da ka rina ba zai san an taɓa shi ba. Na daɗe hannuna yana ƙarawa kafin ya koyi ragewa.

Da Dakta ya gane na iya, bai yi fushi ba. Ya kira ni ofishinsa ya ce yana shirya hotuna don wani babban taro, in na riƙe masa ɓerayen duk lokacin hutu na kuma shirya gilasan da za a ɗauka, to ranar tafiyata zai ba ni tsohuwar fitilarsu da kwalba guda ta rini. Na ce na gode har sau nawa ban sani ba. Lokacin sanyi kowa ya tafi gida hutu, ni ina ɗakin ɓeraye. Ranar Babbar Salla ma a can na wuni, na yi kabbara ni kaɗai a tsakanin keji. A wajen taron ya nuna hotunan a jikin farin allo, aka yi ta tafi. Ya gode wa mai ɗaukar hoto, ya gode wa kamfanin da ke kawo abincin ɓeraye. Ina zaune a layin baya. Ban ce lallai sai an ambace ni ba, ban san al'adarsu a wannan ba, kuma ba don suna na je ba.

Saura mako guda in tashi na je masa da maganar fitila. Ya cire lofen ya dube ni kamar yau ya fara jin zancen. Ya ce fitila kayan ma'aikata ce, ba shi da ikon bayarwa. Ya tambaye ni ma, a dajin namu akwai lantarkin da zai ɗauke ta? Rini kuwa, ofishina ya yi oda daga kamfani kamar kowa. Na ce masa shugabana ba zai sa hannu ba sai ya gani, ba zai gani ba kuma sai da rinin. Ya yi dariya ya ce lallai wannan matsala ce, ya miƙo mini hannu. Mai yiwuwa da gaske ya manta alkawarin. Na yi shekaru ina ƙoƙarin yarda da haka.

Ranar da na je sallama, Madam Halina ta biyo ni har bakin matakala. Ta sa mini abu a aljihun kwat: 'yar kwalba mai duhu, ba ta fi ta tozali ba, da gilasai biyu a naɗe cikin auduga, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ɗorawa. Rinin da ke cikin kwalbar nata ne, ta saya da kanta don wani aiki da ba a taɓa barin ta ta yi ba. Ta ce shuɗin a ƙasa wajen da haske ke shiga, ɗayan a sama wajen ido. Na ce to fitila fa?

Ta ce, "Fitilar nan kwaikwayon rana take yi. Ku da kuke da ta ainihi, me za ku yi da ita? Abin da ke cikin kwalbar nan zai ishe ka har ka tsufa, in ba ka yi hannun marina ba."

A jirgin dawowa kwalbar ta hana ni sukuni. In ta kwana a aljihu sai in ji tsoron in danne ta, in ta kwana a jaka sai in ji tsoron ɓarawo. A ƙarshe na naɗe ta cikin safa, na sa a tsakiyar akwatin ƙarfe tare da tsarabar gida, na kulle. Gilasan biyu na bar su a jikina. A Ikko aka ce sai na tsaya Kaduna na yi bayanin karatuna, kayan nauyi kuwa su wuce Gusau a jirgin ƙasa. Na yi ta juya abin, na ga akwati a hannun ma'aikatan jirgi ya fi aminci da ɗakin baƙi da ban san masu shiga ba. Na aika wa yayana Sani ya karɓa a tasha. A Kaduna aka riƙe ni makonni, wanda zai saurare ni yana rangadi.

Cikin marka na iso Bungudu. An share ƙofar gida, an yi shimfiɗa a zaure. Babana ya tsufa fiye da yadda na bar shi, yanar ido ta fara rufe masa gani, da hannu ya shafa fuskata. Hannun nan dai shuɗi ne har wuyan hannu kamar kullum. Bayan an ci abinci an yi addu'a, ya yi wa Yaya Sani alama. Yaya ya shiga ya fito da babbar riga a ninke. A gidanmu haka ake yi, wanda ya dawo daga doguwar tafiya da sabuwar riga ake tarbarsa, rinin gida. Amma wannan ba shuɗiya ba ce. Launinta tsakanin ruwan goro da ruwan ɗorawa, wani wuri ya fi wani kamawa.

Na san launin tun kafin a warware ta.

Yaya Sani ne ya ba da labari yana dariya. Akwatin ya sha ruwa a tasha, suka fasa kwaɗon don su shanya kaya. Suka ga kwalba cikin safa. Baba ya taɓa garin da jiƙaƙƙen yatsa, Yaya ya gaya masa yatsan ya rine. Ka'idar gidanmu kuwa, duk sabon rinin da ya shigo, maigida ne ke fara gwada shi kafin kowa. Baba ya sa aka sayo farar saƙa mai kyau, ya dafa ruwa da kansa, ya zuba kanwa don ya kama, ya juye kwalbar duka.

Baba ya ce, "Garba, wanga shi na abin da kat tai koyo? Ɗan kaɗan sunka ba ka, da ƙyar ya isa riga guda. Kuma ba shi da nauyi, ko wankin hwari sai da ya zuba. Amma dai naka na. Saka mu gani."

Zauren cike yake da dattawan unguwa. Na sa rigar. Aka yi ta sa albarka, wani tsoho ya ce na yi kama da ɗan sarkin Nasara. Ban san yadda ɗa zai buɗe baki a gaban mutane ya ce wa ubansa ya ɓata masa aikin shekara biyu ba. Bayan mutane sun watse ma ban sani ba.

Maganarsa ta cewa rinin yana zuba ita ce ta tsaya mini a rai. In yana zuba a ruwa, to ana iya samo shi. Abin da nake bukata kuwa ɗan kaɗan ne. Sai dai yanka rigar da uba ya ba ka ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Na kwana biyu ina ɗauko almakashi ina ajiyewa. A Gusau, a ɗakina, na juya rigar na yanko ɗan ƙyalle daga kalmasar ƙasa ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Na jiƙa shi a dafaffen ruwan gishiri, ruwan ya ɗan sauya. Na gwada ni kaɗai da jinin wata ramammiyar saniya da wani Arɗo ya koro daga Wanke. Na kafa madubin a baranda, na juya shi ga rana, na sa gilasan Madam Halina, na lulluɓe kaina da baƙin zane. Suka yi haske. Koren bai kai na Ingila ba, amma ga su nan suna motsi, a Gusau, babu lantarki. Sai dai ba su daɗe ba suka yi ja. Ko kanwar ce, ko ranarmu ce ta fi ƙarfinsu, ban iya rarrabewa ba.

Washegari da hantsi na shirya komai, na roƙi Dogo ya tsaya kusa, na yi masa bayani cewa abin ba ya jira. Ya ce to. Na tsaga kunnen saniyar, na ɗiga, na shiga ƙarƙashin zane, na same su kore shar. Na ɗago na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu." Ashe ya taka zuwa bakin ƙofa yana faɗa da direban motar ofis a kan taya. Na sake kira. Ya ɗaga mini hannu in dakata. Da ya gama ya zo, ya cire hularsa, ya gyara zanen, ya daɗe yana neman inda zai sa ido.

Ya ce, "Na ga jajayen ɗigo. Ba abin da ke motsi."

Na roƙe shi in sake haɗa wani. Ya ce in yi sauri. Garin sauri na fasa gilashi ɗaya, na ɗauko wani. Kafin in gama hadari ya taso daga gabas ya rufe rana. Muka tsaya muna kallon sama ni da shi da Arɗo. Ya mayar da hularsa ya ce abin da ya gani, tsohuwar hanya ma tana nuna shi, kuma ita ba ta bukatar a roƙi girgije. Bai faɗa da mugunta ba, iyakar sanina. Kafin mako ya ƙare aka ce in shirya zuwa Tsafe.

Ban fid da rai duka ba. Rigar tana da girma. Na lissafa a raina cewa a Tsafe zan riƙa yankowa kaɗan kaɗan, in nemi hanyar raba rinin da kanwar, in gwada da sassafe lokacin da rana ba ta yi zafi ba. Turawa ba sa daɗewa a wuri ɗaya. Wata rana za a canja Dogo, wani ya zo wanda zai tsaya kusa.

Ranar Juma'a kafin in tashi na je Bungudu sallama, na sa rigar don Baba ya ji daɗi. Ina durƙushe a gabansa ya kama gefenta yana murzawa, kamar yadda yake yi wa kowane tufa da ya zo kusa da hannunsa. Yatsunsa suka bi kalmasa suka tsaya a wurin. Ya sake bi.

Ya ce, "Mi ya same ta nan?"

Na sunkuyar da kai. Na fara cewa wani aiki ne ya sa, na rasa yadda zan ƙarasa ba tare da na kai ga kwalbar ba.

Ya ce, "Bari, ba sai ka hwaɗi ba. Tuɓe ta ka bar min, a gyara ma bakin. Sani shi kai ma ita Tsahe."

Na so in ce a'a. Amma gyaran kalmasa kawai ya ambata, kuma ban ga dalilin da zan bayar ba. Na tuɓe na ninke na ajiye a gabansa.

Bayan kamar wata guda, ranar kasuwar Tsafe, ina rumfar ƙiraga ina duba ramukan wuƙa a fatar akuya, ƙudaje sun rufe ni, Yaya Sani ya iso da ƙunshi. Ya ce Baba yana gaishe ni, ya ce ya gane rigar ba ta kwanta mini ba tun ranar farko, don ya ji muryata, kuma ba laifina ba ne, rinin Nasara ne ba na kirki ba. Ya ce ɗansa ba zai zauna a garin mutane da launin da za a yi wa gidan marina dariya ba. Duk da idon nan nasa, shi da kansa ya sauka karofi.

Na kwance ƙunshin. An gyara kalmasar, ɗinki mai kyau. Rigar ta sha shuni tsomi a kan tsomi har ta yi baƙi, an buga ta tana ƙyalli. Da na koma gida na jiƙa gefenta a ruwan gishiri, ko da wani abu ya saura. Ruwan ya fito shuɗi.

Na yi shekaru a rumfar nan. Gilasan Madam Halina suna nan cikin audugarsu, ban sake samun abin da zan duba da su ba. Rigar kuwa ita nake sawa ranar Juma'a da ranar Salla, kuma da wuya in fita masallaci wani bai taɓa hannunta ya tambaye ni wa ya rina ta ba. Nakan ce Babana ne, a Bungudu.